Motar Eloy a Ƙasan Kwazazzabo

Eloy Archuleta mijin yayata Marisela ne. Shekara ashirin da biyu muka yi muna gyaran mota tare, ban tuna ranar da bakinmu ya zo ɗaya ba. In na ce birki ne, sai ya ce giya ce. Ni direban motar 'yan makaranta ne, shi kuma mai walda, duk cikinmu babu wanda ya taɓa zama a gaban bakanike ya koya. Kowannenmu yana da tsohuwar jif, tasa ja, tawa ruwan ƙasa. Da zarar ƙanƙara ta fara narkewa a kan duwatsun da suka kewaye kwarin San Luis, sai mu shige garejina mu gyara abin da muka karya bara, don mu samu mu koma daji mu karya wani.

Wata Asabar a watan Mayu muna canza wa motarsa tayarod, sandar nan da ke juya tayoyin gaba. Kowane bakinta yana da noti, kuma in ka ɗaure notin sai ka soka masa ɗan fil na ƙarfe ka lanƙwasa ƙafafunsa, don kada girgizar hanya ta kwance shi. Ina kwance a ƙarƙashin motar, shi yana tsaye yana harbin tayar da takalminsa, yadda ya saba in ya ƙosa.

"Ɗan ƙane, ɗaure notin kake yi ko lallashinsa?"

"Matsa ka ba ni haske, tumbinka ya rufe ƙofa."

"Tumbin nan aikin yayarka ne, je ka kai mata ƙara."

Na gama ɓangaren hagu, na koma dama, sai waya ta yi ƙara a cikin gida. Daga makaranta ne, a kan wata sabuwar hanya da zan bi ran Litinin. Kafin in dawo ya sauke motar daga kan jak, yana wanke hannu yana waƙa da muryarsa mai kama da ta jaki. Muka tafi gidansu muka ci naman barewa da koren barkono.

A mako na biyu na Yuni ya riga mu tafiya ranar Alhamis, don ya kama mana wurin kafa tanti a bakin tafkin da ke saman tsohuwar ma'adana. Ni da Marisela muka biyo shi ran Juma'a bayan an rufe makaranta. Hanyar a jikin dutse aka sassaƙe ta, faɗin mota ɗaya, gefe guda dutse, gefe guda kwazazzabon Tecolote. A wata kwana na ga bakin hanyar ya zube, ƙasar sabuwa. Na gani da idona, na ci gaba da tuƙi. Da muka isa tafkin babu tanti, babu hayaƙi, babu sawun taya.

Jirgi mai saukar ungulu ne ya ɗauko gawarsa daga ƙasan kwazazzabon. Motar kuwa aka bar ta can, ƙafa ɗari huɗu a ƙasa, don babu janwen da zai iya kaiwa. 'Yan sanda suka rubuta cewa bakin hanya ne ya rufta, kowa ya yarda, har da ni.

Mako uku bayan binne shi na sa rigar aikina zan canza baƙin mai. Na zura hannu a aljihun ƙirji ina neman tsumma, sai na taɓo wani ɗan ƙarfe. Fil ne, sabo fil, ƙafafunsa a miƙe. Biyu ne suka zo a cikin kwalin tayarod ɗin. Na tuna na hagu, na tuna yadda na lanƙwasa shi da filaya. Na dama kuwa, na yi ta juya abin a kaina, babu komai sai ƙarar waya.

Ban gaya wa kowa ba. Na mayar da shi aljihun.

Tun daga ranar garejin ya canza mini. Ba da dare ba, ni ba na aikin dare. Da rana tsaka, ƙofa a buɗe, karen maƙwabta yana haushi, ina kwance a ƙarƙashin motata sai in ji an harbi tayar gaba. Sau biyu, kamar yadda yake yi. Motar har ta ɗan motsa a kan jak. In fito in ga babu kowa. Wata rana na juya kaina na ga hasken ƙofar ya ragu kamar mutum ya tsaya, na ce, "Matsa," kafin in tuna. Na san ƙarfe yana ƙara in ya huce, na san girgije yana tare rana. Sanin bai hana tsigar jikina tashi ba.

Abu ɗaya ne zai raba gardama: in je in duba notin. Daga sama ba a sauka sai da igiyar masu hawan dutse, gwiwoyina kuma sun wuce wannan. Amma akwai tsohuwar hanyar masu sarar itace da ke bin rafin kwazazzabon daga ƙasa, mil goma sha biyu, wadda aka daina bi tun ambaliyar da ta cinye gadojinta. Na ce wa mutane zango zan je in kama kifi.

A Yuli rafin ya ci ni a mashigi na uku. Ruwa ya shiga injin, na yi kwana biyu a bakin rafi ina shanya fulogogi a kan dutse. Da na dawo gida na sa wa motata bututun shaƙar iska da ya tashi har saman gilashi, na shafe wayoyinta da giris. A Agusta na wuce mashigai biyar, sai dutse ya fasa mata kaskon baƙin mai. Mil tara na taka da ƙafa kafin in samu wanda ya jawo ni. Sai ya zama dole in yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashi, injin walda kuma babu shi sai a gidan Eloy.

Marisela ta buɗe mini rumfarsa, ta tsaya tana kallona ina jan injin zuwa bayan mota.

"Kifin nan naka, Fermin, ƙarfe yake ci?"

"Hanyar ce ba kyau, Yaya."

"Wace hanya?"

Na yi kamar ina neman igiya.

Mako biyu na yi ina walda. Ɗinkina ya fito kamar kashin kaza, na san abin da zai ce da ya gani. Na sa mata manyan tayoyi, na ɗaura injin ja mai igiyar ƙarfe a gabanta. Ranar da zan tafi, ƙarshen Satumba, na fito da safe na tarar da Marisela zaune a kujerar gaba da jakarta a cinya.

"Yaya, wurin nan ba na zuwanki ba ne."

"Ni na goya ka, kai za ka gaya mini inda zan je? Ka ɗauka ban san rafin Tecolote ba? Tada mota."

Yini guda muka yi a hanya. Ruwa ya ja baya, mashigan suka zo da sauƙi, amma sau uku sai da na ɗaura igiya a jikin itace muka haye. Ita ce ke riƙe maɓallin injin jan, ina daga ƙasa ina ɗaga mata hannu. Ba ta tambaye ni komai ba. Muka kwana a mil na goma sha ɗaya, inda zaftarewar duwatsu ta toshe hanyar gaba ɗaya, da gari ya waye muka ƙarasa da ƙafa.

Ita ta fara hango ta. Motar tana kwance a kan gefenta a cikin ƙananan itatuwa, cikinta yana kallon rafi. Rufin ya lotse, jan fentin ya fara koɗewa, ɓeraye sun cinye soson kujera sun yi gida. Kayan zangonmu sun watse a gangaren: tukunya, kujerun naɗewa guda uku, tantin yana nan a jakarsa. Na ɗaga kai na hango hanyar can sama kamar zare. Wurin shiru, ko tsuntsu babu.

Na ajiye jakar sifanu, na tsaya daga nesa.

"Me ka zo nema?" in ji ta.

Na ciro fil ɗin na ɗora a tafin hannunta. Na gaya mata komai, da wayar, da kwalin, da abin da ke faruwa in noti ya kwance mota tana shan kwana. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wata uku kana yawo da wannan?"

"Eh."

"To je ka duba. Ina nan."

Na fara da hagu. Fil ɗina yana nan, a lanƙwashe yadda nake yi. Ɓangaren dama ya nutse a ƙasa, sai da na tona da hannu da ƙarfen taya. Laka ta daskare a kan notin. Na tofa yawu na goge da babban yatsa.

Notin yana nan daram, ko gezau bai yi ba. A cikin hudar da ake soka fil kuma akwai guntun sandar walda, an yanke shi, an soka, an murɗe bakinsa biyu tam. Ba aikina ba ne. Ni ban taɓa iya murɗa ƙarfe da kyau haka ba.

Na zauna a ƙasa daɓas. Marisela ta zo ta durƙusa ta leƙa.

"Ya gani," na ce. "Ina kan waya ya leƙa ya gani, ya gyara. Kuma muka zauna muka ci abinci, bai ce mini komai ba. Eloy! Mutumin da in na zubar da noti ɗaya sai duk garin sun ji."

"Ajiye maka ya yi," ta ce. "Sai mun zauna a bakin wuta, ya ja labarin awa guda."

Dariya ta kubce mana mu biyu, mummunar dariya, ta juye ta zama kuka. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga wuya. Na ce, "To, ashe hanyar ce. 'Yan sandan sun yi gaskiya."

Ta tashi ta je ta ɗauko ɗaya daga cikin kujerun, ta buɗe ta, ta kakkaɓe, ta zauna tana fuskantar motar.

"Tun watan Maris yake ganin jiri," ta ce. "Sau biyu ya faɗi. Na farko a rumfarsa, na biyu a gabana a kicin, kofi a hannunsa. Minti guda bai san inda yake ba. Na ce mu je asibiti, ya ce in likita ya ji za a karɓe masa lasin, kuma kai za ka hana shi tuƙi a dutse. Ya sa na rantse ba zan gaya maka ba. Ya ce bayan wannan tafiyar zai je."

"Yaya..."

"Bari in gama. Ran Alhamis ni na haɗa masa guzuri. Na tsaya a ƙofa ina ɗaga masa hannu. Kalma ɗaya da na yi maka a waya, da kai ka kai shi a motarka."

"Ba ki sani ba ko jirin ne. Bakin hanyar ya rufta, na gani da idona."

"Ya rufta ne ya faɗa, ko ya faɗa ne ya rufta?" Ta juyo ta dube ni. "Kai ka zo ka tona ka ga naka. Ni wane ƙarfe zan duba, Fermin?"

Na je na ɗauko kujera ta biyu na zauna kusa da ita. Muka fi awa guda a haka. Daga baya na tashi na tattara abin da zai ɗauku, tantin da tukunyar da akwatin sifanunsa da ya maƙale a bayan kujera. Wajen azahar gajimare ya taru a kan tsaunin, iska ta juya da ƙamshin ƙanƙara, na ce mata in ba mu fita yau ba sai bazara. Ta tashi, amma ta bar kujerarta a buɗe a wurin.

Sai da muka haye mashigi na ƙarshe ta sake magana.

"Kada ka gaya wa yaran."

Ban gaya musu ba sai da ita da kanta ta tara su bayan shekara biyu. Babbar 'yarta ta yi wata huɗu ba ta kira ta ba, sannan ta dawo.

Motar tana can har yanzu. Ambaliya ta juya ta sau biyu, yashi ya binne rabinta. Kowane ƙarshen Satumba Marisela takan kira ni ta ce, "Motarka lafiya?" Sai in shiga gareji in duba ta daga gaba har baya, mu kama hanyar rafin. In mun isa nakan tsaya nesa in yi kamar ina kama kifi. Ita kuma ta zagaya motar a hankali, ta leƙa ta wurin sitiyari, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce mu tafi.