Fuskar da ke Bayan Tikiti

Mijina Clarrie ya fi shekara talatin yana tara tikitin shiga manyan baje-kolin duniya na zamanin da, kuma tun daga lokacin a kicin muke cin abinci, don teburin falo ya zama na tikiti. Akwai na Landan, akwai na Faris, akwai na Sidni tun kafin gobara ta cinye ginin. Masu tikitin sun shiga sun sha kallonsu, sun koma gida sun mutu, ni aka bari da goge gilashin da aka rufe tikitinsu da shi. Guda ɗaya ne ya gagare shi, kuma kowa a ƙungiyarsu ta masu tara tsoffin takardu a nan garinmu Bendigo ya san da haka: tikitin baje-kolin Melbourne na 1888, irin wanda ake ba mai rumfa ya riƙa shiga da shi kullum har a tashi. Irinsa ana liƙa hoton mai shi a baya, don kada ya ara wa wani.

Wata Asabar cikin Janairu, tsakiyar bazara a wajenmu, ana zafin da kwalta ke kama takalmi, tasi ta ajiye wata tsohuwa a ƙofarmu. Ta ce sunanta Misis Dulcie Penhall, daga Eaglehawk take, kuma a coci aka yi mata kwatancen Clarrie. Ta haura tamanin, tana rungume da wani tsohon kundi na mahaifiyarta, irin wanda mata ke manna katin biki da busasshen fure a ciki. Ko shayin da na zuba mata ba ta taɓa ba, ta buɗe shafin ta tura masa.

Clarrie ya sunkuya a kan shafin. Tikitin ne, an buga shi da tawada ruwan shuni, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba. A ƙasa mai shi ya sa hannu da alƙalami: William Ah Loy.

Tsohuwar ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ah Loy kakanta ne, mutumin Sin mai sayar da ganyen shayi. 'Yarsa, wato mahaifiyar Dulcie, ta auri mai haƙar zinariya a zamanin da jinin Sin abin ɓoyewa ne a garin nan, sai ta bi hotunan ubanta ta ƙone. Wannan ne kaɗai hannunta ya kasa jefawa a wuta, sai ta shafe bayansa da ƙullun fulawa ta kife fuskar a jikin shafi. Dulcie ba ta taɓa ganin kakanta ba, ko a hoto.

"Ka nuna mini fuskarsa, tikitin ya zama naka," in ji ta.

Clarrie ya ce gara a kai wa masu gyaran takardu a Melbourne, sai dai layinsu kan ɗauki watanni. Ta ce likita ya gaya mata idonta na dama ya riga ya tafi, na hagun ma da wuya ya kai hunturu. Yau take so, tun tana iya gani.

Clarrie ya yanke shafin daga kundin, ya kife shi a kan gilashi, tikitin na ƙasa. Ba a ɓamɓare tikiti daga shafi, shafin ake kankarewa daga bayan tikiti, kaɗan-kaɗan, da reza. Ya sa na kashe fanka na rufe taga, kada iska ta motsa komai. Nan da nan falon ya zama tanda. Da na ga gumi na taruwa a girarsa, na ɗauko tsumman goge kwano na ɗaure masa a ka, don ɗigo ɗaya ya isa ya gama mana aiki. Da wata rana ce da na yi masa dariya har na ƙware, amma ranar ko murmushi bai zo mini ba.

Ba ka jin komai sai ƙarar reza da numfashin tsohuwar. Garin takarda na taruwa, yana share shi da gashin tsuntsu. Hannun Clarrie na rawa idan ya ɗauki kofi, amma in ya riƙe reza sai ya tsaya cak, abin da ya daɗe yana ba ni haushi ke nan. A hankali takardar ta yi ta sirancewa har ta koma kamar ɓawon albasa, inuwar kai da kafaɗu ta fara bayyana ta ciki. Dulcie ta matso da gilashin ƙara girma, ta ce ba ta ganin komai sai duhu-duhu.

Clarrie ya ajiye reza. Ya sunkuya ya hura wa wurin numfashi a hankali, yadda 'yan ƙungiyarsu ke yi don ɗumin baki ya sassauta ƙullun da aka manna da shi. Ya gwada gefe da tsinken ƙashi, ya sake hurawa, ya sake gwadawa. Ƙullun ya yi shekara da shekaru a bushe, ko gezau bai yi ba.

Ni ba mai tara tikiti ba ce, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Na san abin da ya rage ruwa ne. Na kuma san dokar da suke fara koya wa duk wanda ya shiga ƙungiyarsu: ba a kai ruwa kusa da tawadar shuni. Laima na ratsa katin ta taɓa ta, sai ta narke ta bazu, tikitin ya tashi daga abin nunawa ya koma tsumma.

"Misis Penhall," in ji shi, "iyakar abin da reza za ta iya ke nan."

Daga nan ya yi shiru. Na san abin da shirun ke nufi. In ya tsaya a nan bai yi ƙarya ba. Tsohuwar ba ta gani sosai, ba ta san aikin ba, za ta yi godiya ta bar masa tikitinsa lafiyayye ta hau tasi. Na dube shi da tsumman kwano a ka yana kallon gilashin, na ji tsoro, na kuma ji haushinsa tun kafin ya yi laifin. Dulcie har ta fara laluben jakarta a gefen kujera, tana cewa ba komai, ai ya yi ƙoƙari. Na buɗe baki zan kira shi da cikakken sunansa, irin kiran da ya sani, sai ya riga ni.

"Akwai sauran hanya, amma sai kin ji kafin ki amsa. In na jiƙa shi, fuskar za ta iya fitowa, za ta iya kuma biyo takardar ta lalace. Gaban tikitin kuwa ya tafi ke nan, har da sa hannun kakanki. Ba ki da wani rubutunsa, ko?"

Ta ce babu. Ta tambaye shi shi fa, me zai rage masa. Ya ce wannan ba nata ba ne ta damu da shi.

Tsohuwar ta ɗauke hannunta daga kan jakar. Sannan ta ce, "Sunansa na sani, ɗan nan. Jiƙa."

Na kawo ruwa mai ɗumi a murfin kwalba. Kafin ya taɓa shi sai ya ɗaga gilashin sama, ya leƙa gaban tikitin ta ƙasa, ya kalle shi son ransa. Ban ce masa ya yi sauri ba. Ya ɗora gefunansa a kan littattafai biyu don a riƙa ganin ƙasan, ya tsoma buroshi, ya shafa.

Yanzu aikin ya zama tsere. In ya yi gaggawa fatar hoton za ta biyo takardar, in ya yi jinkiri tawadar da ta narke za ta ratso katin ta ɓata fuskar. Na durƙusa ina kallon ƙasan gilashin, shi yana ɗaga takardar da tsinke daga sama. Ina gani harufan suka kumbura, suka fara zubewa cikin juna. Na ce masa shunin ya kama gefe. Ya ce ya gani, in yi masa shiru. Goshi ya fito, sai gira. A wajen kunci takardar ta cije, ya tsaya, ya ƙara ɗigo ɗaya, muka jira. Shunin ya ratso ta kusurwar ƙasa, ya hau kan rigar mutumin yana tahowa. Clarrie ya ja a hankali, ragowar takardar ta taho gaba ɗaya, ya yi maza ya danna auduga a kan kwalar rigar. A nan tawadar ta tsaya.

Saurayi ne, da kwat mai maɓalli har wuya, ya ɗan karkatar da kai, bakinsa a tsuke kamar mai danne dariya.

Clarrie ya tura gilashin gabanta, ya tashi ya tsaya a bakin taga ya ba mu baya. Bai juya katin ya duba gaban ba, ni ma ban gaya masa abin da na gani ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Dulcie ta kawo idonta na hagu dab da hoton. Ta bi shi daga goshi zuwa haɓa, ta koma ta sake. Na zaci kuka za ta yi, sai na ji ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji.

"Mama ce," in ji ta. "Har yadda take tsuke baki. Duk shekarun da na yi ina roƙonta ta gaya mini kamanninsa, ashe a fuskarta yake, yana zaune yana yi mini kitso."