Jan Koton Usuman

Abdulghani kafinta ne a unguwar Bagdadiyya, haifaffen Jidda. Duk Juma'a bayan la'asar yakan ɗauki fatsarsa ya nufi bakin teku tare da Usuman, mijin ƙanwarsa Zakiya, wanda ya taso a Sudan, yake tuƙa tankar ruwa. Sun daɗe suna jefa ƙugiya da koton ƙananan kifi, wata rana a samu na miya, wata rana a dawo hannu rabbana.

A shekarar da aka zuba kwalta a layinsu, Usuman ya zo da wata ƙugiya da aka ɗaure wa jan gashi da farin zare, babu nama, babu tsutsa. Ya wurga, ya riƙa janta a hankali. Kafin Abdulghani ya gama sa koto, igiyar Usuman ta miƙe gal. Bayad ne, kifi mai ƙarfin tsiya, ya kai tsawon hannu. Ya sake wurgawa, wani ya cafke. Masuntan da ke ɗinkin taru suka ajiye aikinsu suka kewaye shi, ana ta mashaallah.

Abdulghani ya saki baki. "Ya Usuman, wallahi gaya mini, laya ce?"

"Gashi ne kawai, Yaya. Don Allah kar ka tambaye ni inda na samo."

Haka abin ya ci gaba kowace Juma'a. Koton bai taɓa ba shi kunya ba, in ya yage sai ya zo da sabo.

A gida kuwa wata damuwa ce ke cin Abdulghani. Mahaifiyarsa Barakatu tana da aku da ita da marigayi mijinta suka taho da shi tun daga ƙasar Yawuri, a ƙafa, kafin a haifi Abdulghani. Ko jikokinta ba ta bari su taɓa kejin. Sai ga wutsiyar akun tana ta zubewa. Abdulghani ya sayo magani, ya ƙera sabon keji, ya canza masa wuri, duk a banza.

Wata Juma'a wani kifi ya haɗiye ƙugiyar, Abdulghani ya sa yatsa ya zaro ta, ya ɗauraye. Da ya ɗaga ta a rana sai ya ga gindin gashin toka-toka ne, saman ja wur.

"Usuman! Akun Inna kake figa?"

Usuman ya sunkuyar da kai. Abdulghani ya bar kwandonsa a nan, ya kama hanya yana huci, yana tunanin yadda zai faɗa wa tsohuwa ba tare da ta faɗi ba.

Ya tarar da ita a tsakar gida kan tabarma. Ta naɗe akun cikin zane ta danne shi da gwiwa, farin zare a haƙoranta, ƙugiya a cinyarta. A gabansa ta fizge gashi ɗaya, akun ya ƙwala ihu.

"Inna lillahi! Inna, ke ce?"

"To wa kake zato? Usuman ko igiyar wando bai iya ɗaurawa ba. Zauna, ka tare mini haske."

Ya zube a ƙasa. Tana naɗa zare tana magana, ko kallonsa ba ta yi.

"Kai dai ka san ubanka da gwangwanayen ruwa a kafaɗa. Basarke ne, masunci ɗan masunci. Ka zaci don surutu muka ɗauko tsuntsu muka keta duniya da shi? Wutsiyar nan ce ta ciyar da mu a duk kogin da muka yada zango."

"Baba? Mutumin da ko bakin teku ba ya zuwa?"

"Ya daina ne. A Sawakin, bakin tekun Sudan, muna jiran jirgi, shi da ƙaninsa Husaini suka shiga kwalekwale. Wani ƙaton kifi ya kama, igiya ta naɗe hannun Husaini, ta fizge shi. Ko hularsa ba a gani ba. Ubanka bai ƙara taɓa fatsa ba, ya kuma hana ni zancen."

Abdulghani ya kusa shekara arba'in a duniya, bai taɓa jin yana da baffa ba.

"Me ya sa yanzu, Inna?"

"Ƙanwarka na da ciki, ba abin da ke zama mata sai romon kifi, ku kuma kuna dawo mini da kwando wayam. In zuba ido ta rame? Gashi zai tsiro. Halas, magana ta ƙare." Ta datse zaren da haƙori. "Amma ka gaya wa Usuman, kar ya kuskura ya naɗa igiya a hannu."

Juma'ar da ta biyo baya Abdulghani ya je bakin teku, amma bai jefa ba. Ya zauna kan dutse, idonsa a kan hannun Usuman har suka tashi.

Bayan Sallar layya Zakiya ta haifi namiji. Abdulghani ne ya ja Usuman gefe ya roƙe shi a sa wa yaron Husaini. Da aka raɗa sunan, Barakatu ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai da aka kira azahar.