Teburin Ƙarfe na Ashafa

A layin maƙeran farin ƙarfe na Kasuwar Umdurman, kowa ya san teburin Abdullah Dogo, dogon tebur ne na ƙarfe daga ƙofa har bango. Shi da kansa ya haɗa shi saboda Ashafa, ma'aikacinsa kurma, mai 'ya'ya biyu. In ana son Ashafa, sai a doki wannan bakin teburin, motsin ya ratsa har tafin hannunsa, ya waiwayo. Dogo kuwa, baƙo bai isa ya sha shayi ba sai ya sha labarin dabarar nan.

Ranar da kasha ta faɗo kasuwa, wato kamen samari ana kai su fagen yaƙi a kudu, layin ya watse kafin motar soja ta gama tsayawa. Masu kunne duk sun tsere. Ashafa na can ƙarshen tebur, ya ba ƙofa baya, yana ta lanƙwasa bakin bokiti abinsa.

Dogo ya tari sajan ɗin sojojin a ƙofa yana rantsuwa cewa mutumin nan kurma ne tun haihuwa, ko aradu ta faɗi ba ya ji.

"Ranar kasha kowa kurma ne," in ji sajan.

Ya daka tsawa, Ashafa bai motsa ba. Ya zage shi ta uwa ta uba, shiru. Ya ɗana kunamar bindiga daidai ƙeyarsa, Ashafa na ta aikinsa. Dogo ya fara jin numfashi na dawo masa, don ya ga sajan ya komo ƙofa yana tsaki, alamar ya haƙura.

Sai haushi ya sa sajan ya maka gindin bindiga a kan teburin.

Nan take Ashafa ya waiwayo, da fara'arsa, kamar kullum in an kira shi cin fulu, dafaffen wakensu na safe.

"To, ga kurmanka ya ji," in ji sajan.

Dogo ya yi ta bayanin tebur, ba mai saurare. Da suka cilla Ashafa bayan mota, ya juya tafin hannu sama yana tambayar maigidansa me ya yi. Dogo ya ɗaga hannuwa zai amsa masa da maganar kurame, suna nan a iska har motar ta sha kwana.