Usur Ɗin Orval Tackett

A wani gari na jihar Tennessee kowane direban jirgin ƙasa da irin busarsa. Ta Orval Tackett doguwa ce, sai gajeru biyu, sai ta karye a ƙarshe kamar mai shessheƙa. Matarsa Lavonne da ta jiyo ta daga bayan dutse take sa burodi a wuta, kafin ya iso ya gasu.

Lavonne macen coci ce ta gaske. Ta rantse ranar da Orval ya taka gidan rediyo, inda a cewarta Shaiɗan ke kiɗa, ranar za ta koma gidan uwarta. Shi kuwa gogan duk Asabar da rana sai ya ce yana da aiki, ya lallaɓa ɗakin rediyon da ke saman kantin ƙusa, ya shaƙe murya ya rera waƙoƙin jirgi da sunan bogi. Tsoron matar nan yake, wallahi, kuma son ta yake kamar me.

Kullum da faifan garmaho ake buɗe shirin, mai ƙarar jirgi. Ran nan Purvis mai kaɗa musu banjo, wato irin gurmin can, ƙato ne tubarkalla, ya zauna a kan faifan. Ƙwas!

Mista Gaddis mai gidan rediyon ya dafe kai. "Mun shiga uku! Orval, ba kai ne direba ba? Ungo usur ɗin katako, yi mana jirgi!"

Orval ya karɓa ya busa. To, abin da baki ya saba! Tasa ya busa, ta gida, har da shessheƙar. Sai da ta fita ya tuna maƙwabciyarsu ba ta kashe rediyo, ba ta kuma rufe taga. Lavonne za ta ji ke nan!

Suna tsakiyar waƙa ta huɗu aka banko ƙofa. Lavonne ce, gari har gwiwar hannu, takalminta ɗaya.

"Orval Tackett! Nan ne aikin? Munafuki! Kai kuma tulu, ajiye abin nan kafin in fasa maka shi a ka!"

Purvis ya ajiye banjo a hankali. Mista Gaddis na ta nuni da hannu, ko kallo bai ishe ta ba.

Orval ya ce, "Lavonne, tsaya ki ji…"

"In ji me? Na ji usur, na sa burodi, na fito baranda. Jirgi bai ɓullo ba. Na ruga tasha, aka ce babu jirgin da ake jira." Ta share ido da bayan hannu. "Na zaci faɗawa kuka yi a kwazazzabo, Orval. Na zaci ka mutu, sai da maƙwabciya ta ce daga rediyonta usur ɗin ya fito."

Kunya ta kama Orval, ga tausayinta, ya kasa ɗaga kai. Purvis sai sharar hawaye yake.

Lavonne ta nuna makirufo. "Wannan ƙarfen fa?"

"Uwargida," in ji Mista Gaddis, "duk gundumar nan na jin ki."

Ta gyara gashinta, ta matsa kusa da ƙarfen.

"Mama, in kina ji, kada ki gyara min ɗaki, ba na zuwa. Wannan sakaran in na bar shi wa zai kula da shi?"

Sannan ta kama kunnen direba guda, ta sauko da shi matakala.