Hancin Garzali

Ni daddawa nake yi, duk Wudil an sani. Ita kuwa daddawa da hanci ake yin ta. Ka dafa kalwa, ka wanke, ka rufe, wari ne zai gaya maka ta nuna. Ka buɗe da wuri ɗanya ce, ka makara ta ruɓe.

To shekarar korona ciwon ya kama ni. Na tashi, amma hancina bai tashi ba. Ko tafarnuwa ka murza min, kamar ka miƙo min dutse. Ban gaya wa kowa ba, wa zai sayi daddawar marar hanci?

Allah ya rufa min asiri da Garzali, maƙwabcina, tela ne, tagarsa na kallon madafata. Duk ranar da ta nuna sai na ji tsaki ta katanga.

"Gwaggo! Wai mushe kike dafawa ne?"

Sai in ce alhamdu lillahi, in je in buɗe. Bai taɓa kuskure ba.

Ran nan Hannatu mai allurar riga-kafi ta shigo unguwa. Na ja ta ɗaki na rufe ƙofa.

"'Yar nan, in kin yi min, hancina zai dawo?"

"Mama, ba zan yi miki alkawari ba. Wasu sun ji sauƙi, wasu shiru. Wanda dai aka yi wa tun kafin ya kamu, shi ne ciwon bai cika bar masa saura ba."

Na ba ta dantsena ta soka. Sannan na tambaye ta ko Garzali ya yi. Ta ce wannan ai da ya hango jakarta ta bayan gida yake fita.

Hanci ɗaya ya rage min a duniya, shi ma yana yawo kasuwar Juma'a ba kariya!

Na same shi a kan keken ɗinki.

"Tashi mu je."

"Gwaggo, ni fa allura..."

"Wa ya goya ka da uwarka ta yi ciwon nono? Zannuwana nawa ka jiƙa? Wa ya je Utai a ƙafa nema maka auren Sharifa? Ban taɓa cewa ka biya ba. Yau nake so."

Ya bi ni yana salati. Ƙato da gemu, sai da na riƙe masa kai sannan Hannatu ta soka.

Da damina ciwon ya kama shi. Kullum ina aika farfesu, ina tambayar Sharifa, "Yana jin ƙamshi?" Bai daɗe ba ya miƙe garau, har yana faɗan miya ta ƙone.

Na ɗora kalwa tukunya guda, na rufe, na zauna jiran tsaki. Shiru. Na ƙara jira. Shiru. Da na gaji na buɗe, ta yi baƙi ta narke, ko kaji sun ƙi ta.

Na leƙa ta katanga.

"Kai Garzali, hancin naka ya mutu ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, Gwaggo. Tun shekaranjiya nake shan azaba, har amai na yi. Amma bayan kulawar da kika yi min, na rantse ba zan ƙara yi miki tsaki ba."

Na dafe ƙirji.

"Rantsuwa ka yi? Da Allah?"

"Da Allah, Gwaggo."

"To maza ka tambayi liman yadda ake kaffara. Abincin miskinan ni zan dafa."