Amsoshin Lubabatu

Ranar Talata aka kira wayar Lubabatu, bayan ta yi damina guda a kabari.

Mushe Yakuba, tsohon malamin makaranta, yana zaune a zaure da littafi a cinya. Tun da matarsa ta rasu bai bar wayar ta mutu ba, yana sa mata caji kamar yadda ake ba tsohuwar akuya dusa. Ya ɗauka.

Muryar mace ce, da Hausar Yamai mai sauri. Ta ce sunanta Madam Munira, daga biro, wato ofishin da ke gudanar da anket, binciken nan na jin ra'ayin jama'a, wanda ake yi a ƙasashe da dama lokaci guda. Tana neman Madam Lubabatu don ta tabbatar da hirar da aka yi da ita makon jiya.

"Makon jiya," in ji shi.

"Ranar Alhamis. Ma'aikacinmu Safiyanu ya zo gida."

"Ba ta nan," ya ce.

Ta ce za ta sake kira bayan la'asar.

Ya san anket ɗin. Safiyanu ƙanin Lubabatu ne, a gidan nan ya tashi, Mushe Yakuba ne ya kai shi lakwal, makarantar boko, da hannunsa. Bara waccan ya shigo da na'urarsa ya ce ƙuri'a ta faɗa kan gidan, kuma mace ake so. Shi Mushe Yakuba, da ya shekara talatin yana koyar da tarihi a lise, babbar sakandare, mai ra'ayi a kan komai tun daga farashin gero har zuwa faɗuwar daular Barno, aka ce ya ɗan ba su wuri. Daga zaure yana jin muryarta tana tashi, Safiyanu yana roƙo: "Yaya, don Allah lamba kawai za ki zaɓa." Tun daga nan ake dawowa wurin mutanen da aka zaɓa bayan 'yan watanni, a ji ko sun sake shawara.

Bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke daga gidan, kamar yadda ta saba. Safiyanu kaɗai ya ci gaba da leƙowa. Ko ranar Alhamis ɗin ya zo, ya zauna a tabarma, na'ura a cinya, kai a sunkuye, yana latsawa yana cewa "haka ne, Mushe", shi kuwa yana ta ba shi labarin yaƙe-yaƙen Damagaram da Kano. Har ya taɓa gaya wa wani maƙwabci cewa a duk dangin matarsa mutum ɗaya ne ya san zumunci.

Ya sa hula, ya tare kabu-kabu zuwa tashar Mirriya.

Ya samu Safiyanu a bencin mai shayi tare da abokan aikinsa, suna jiran motar garin Dogo.

"A'a, Mushe, yau littattafai sun ba ka hutu?" in ji Safiyanu, yana dariya. "Ko mata ka fito nema? Sai ka biyo ta hannuna, ka sani."

"Barka na zo yi maka. Na ji yayarka ta samu sauƙi."

Safiyanu ya ajiye kofi. Ya tashi, ya ja shi bayan wata mota da ake ɗaure wa buhuna.

"Sun kira?"

"Sun kira."

"Me ka ce?"

"Na ce ba ta nan. Ka ga ni ban iya ƙarya ba, ban yi karatu mai zurfi irin naku ba."

Safiyanu ya shiga bayani da ƙaramar murya. In mutanen da aka ba ka suka ragu da yawa, sai a haɗe yankinka da na wani, a sallame ka. Biyu daga cikin nasa sun tafi Agadas, ɗaya ya ƙaura bai bar adireshi ba. Da ya rubuta cewa Yaya ta rasu, shi ke nan aikin. Ga yara huɗu, ga na biyar a hanya.

"Na ji," in ji Mushe Yakuba. "To me ya kawo ka zaurena? Ka zauna gindin bishiya mana ka cike abinka."

Safiyanu ya dubi tayar motar. "Na'urar tana nuna inda mutum yake. Dole sai a cikin gidan. Kuma tana auna daɗewar hira."

Wani ɗan kamasho yana ta kiran Mirriya, saura mutum ɗaya. Mushe Yakuba ya tsaya yana sauraronsa kamar maganar ta shafe shi.

"Ashe tauraron ɗan'adam kake zuwa gayarwa."

"Wallahi har da kai, Mushe."

"Har da ni. Ni ne gyara kenan." Ya gyara zaman tabarau. "To me ta ce?"

"Wa?"

"Yayarka. Ranar Alhamis. Tunda ni ina ta surutu ban ji ba."

"Tambayoyin da aka saba ne. Ko ta yarda da kotu, ko ta yarda da maƙwabta, ko tana ganin ƙasa ta kama hanya, ko ta gamsu da ruwan sha. Daga ɗaya zuwa biyar." Ya waiwayi bencin mai shayi. "Uku nake sa mata."

"Ukun me?"

"Ba ta yarda ba, ba ta ƙi ba. Ita ce amsar da ba ta jawo ido."

A nan ne abin ya soke shi. Matar da take musu da rediyo har tuwo ya kama. Matar da ta ɗauki jarka ba kome a ciki, shekarar da famfon unguwarsu ta Birni ya bushe, ta dire ta a teburin wani darakta ta ce ya sha. Matar da ta yi mako ba ta yi masa magana ba saboda wanda ya jefa wa ƙuri'a. Ya kuma san inda amsoshin suke zuwa, don ya karanta irin takardun. Za a zuba su tare da na wasu ƙasashe, wani dakta a jami'ar da bai taɓa jin ƙishin Damagaram ba ya zana jadawali, ya rubuta cewa matan Sahel ba su cika damuwa da al'amuran jama'a ba. A ba shi lambar girma.

"Ka ce musu ta tafi biki Mirriya," in ji Safiyanu. "Don girman Allah, Mushe. Ita da tana nan da ta rufa mini asiri."

"Da ta fara marinka tukuna. Kuma ka daina sa mata magana a baki, ko a nan tasha."

Bai hau kabu-kabu ba wajen komawa. Ya bi ta kasuwar Dole da ƙafa yana auna abin. Ya tuna matar Safiyanu da tsohon ciki. Ya tuna cewa gaskiya ne, da Lubabatu ta mare shi ta kuma rufa masa asiri, saboda haka halinta yake da ƙaninta. Amma kafin ya kai ƙofar gida ya yanke: zai faɗa. Ya yi sallar la'asar, ya zauna, ya jera maganarsa a kai kamar darasi.

Wayar ta yi ƙara.

"Madam ta dawo?"

"A'a. Ni mijinta ne. Akwai abin da nake so…"

"Ba komai, Mushe, kai ma ka isa. Kira ya yi mini yawa yau, i ko a'a kawai. Gidan yana Birni?"

"I."

"Safiyanu ya zo ranar Alhamis?"

"Ya zo."

"Ya kai kamar awa guda?"

"Ya fi."

"Ya nuna ladabi?"

Mushe Yakuba ya dubi tabarmar da ke jingine da bango. "Ƙwarai," ya ce.

"Madalla. A gaida Madam, a ce mun gode da haɗin kai. Sai zagaye na gaba."

Ta kashe.

Ya nemi lambar, ya tarar a ɓoye take. Shi da yake katse sufetoci a tsakiyar jawabi lokacin yana aiki, yau ya amsa tambaya huɗu, duk da gaskiya, ya wanke Safiyanu tas. Ya san zai iya neman biron ya rubuta musu. Ya kuma san ba zai yi ba.

Ya daɗe da wayar a hannu. Abin da ya shirya ba shi da tsawo. So ya yi ya ce musu ta rasu, kuma su goge ukun nan, don duk zaman da ya yi da ita bai taɓa samun ta a tsakiya ba.