Muryar Inna Hasiya

"Riƙe ta nan, malam, kada ka hwasa min ita tun ba ta bar unguwa ba!"

Chindo ne yake yi wa mai amalanke tsawa, suna kokawar ɗora bafal ta biyu, ɗaya daga cikin manyan akwatunan sautin da ya yi shekaru yana girgiza Gazawa da su. Daga cikin gari har ƙauyukan bakin iyaka, bikin da ba a ji "Dije Chindo" mai saka kiɗa ba, amarya sai ta ga an rage mata wani abu. Yau kuwa ya tattara su zai kai tasha, a sa su mota sai Agiye.

Maƙwabciyarsa Inna Hasiya tana zaune a tabarma ƙofar gidanta, ta miƙe ƙafafu tana shan hantsi. Ta ja tari mai tsawo, sannan ta ce, "Mai gidana, ina za ka kai ɓarayin tuwona?"

"Musanya zan yi, Inna. Don ke zan rabu da su."

"Don ni? Da ka yi haka tun ina da haƙora."

Ba wasa kaɗai ba ne. Hasiya zabiya ce, kuma a zamaninta ba a kai amarya ɗaki sai da muryarta. Daga Tibiri ake aiko mata da goro, daga Gidan Rumji a turo mota. Da bafal ta shigo, sai aka fara gayyatarta don kunya, daga baya kunyar ma ta ƙare. Kuma cikin duk yaran duniya, wanda ya gaje mata fili sai ɗan da katanga ɗaya ta raba su, wanda ta sha goyawa. Ba ta riƙe shi a zuci ba, amma bakinta bai taɓa barin sa ya huta ba.

Shi kuwa Chindo aikin dije ya ci masa rai. Yana ci da shi, yana sha, amma kullum waƙar wani yake kunnawa, shi nasa ihu a tsakani da kiran sunan ƙawayen amarya. Abin da yake so shi ne ya haɗa kiɗan kansa a ordinata, wato kwamfuta, ya ɗora waƙoƙin Hasiya a kai, duniya ta ji abin da Gazawa ta watsar. Aljihunsa kuma ba zai ɗauki sana'a biyu ba. Wani Muhsin mai gyaran waya a Agiye ya yi masa tayi: tsohuwar ordinata, da mikoro mai kyau na ɗaukar murya, da kaski na sawa a kunne, shi kuma ya karɓi bafal biyu da injin ƙara musu sauti. Chindo ya yi ta juya maganar tun farkon kaka. Kowane mako sai ya ce bari wannan bikin ya wuce, kuma bayan kaka biki ba ya ƙarewa.

"Ga waya nan hannunka," in ji Hasiya. "Kunna ta in yi maka guda yanzu, mu huta da wagga magana."

"Haba Inna! Waya? Muryarki ta hi ƙarhin waya. Za ta hito kamar ana magana cikin gwangwani. Bari in dawo da kayan aiki, mu yi shi yadda ya kamata."

Wannan ba shi ne karo na farko da ta yi masa tayin ba, kuma amsar kenan kullum. Chindo mutum ne mai kunne, ya gwammace babu da a ce abin ya fito da ƙura. Ta dube shi, ta gyara ɗankwali, ta ce, "To, Allah shi kiyaye hanya."

A Agiye abin bai zo da sauƙi ba. Ordinata ta ƙi jin mikoro, Muhsin ya aika Maraɗi a kawo wata igiya, igiyar ta zo ba ita ba ce. Chindo ya zauna a shagon yana koyon yanka sauti da jera ganguna, yana jin daɗi kamar wanda aka buɗe wa sabuwar ƙofa. Da ya ankara, kasuwa ta ci ta sake ci.

Da ya sauka a unguwa da jakarsa a kafaɗa, takalma ya fara gani jere a ƙofar Hasiya. Ɗanta Surajo, wanda yake aikin gini a Maraɗi, yana tsaye a zaure, idonsa ja.

"Jikin ne," in ji Surajo. "Mun kai ta likita, sun ce mu maido ta gida. Shiga, tun jiya take tambayarka."

Ɗakin yana warin man zafi da kunun da ba a sha ba. An jingina ta da matashi, ta ƙanƙance har zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Chindo ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe jaka, ya fito da mikoro.

"Ga shi, Inna. Ko baiti guda ne, a hankali, ba sai kin ɗaga murya ba."

Ta daɗe tana kallon abin.

"Ka makara, mai gidana. Shekaranjiya Malam ya zo, na tuba gabansa, na aje waƙa. Bakin da nike so shi tahi da kalmar shahada, ba ni maida shi baya."

"Inna, don Allah. Na ba da bafal. Ba ni da komi yanzu sai wannan."

"Na sani, ɗan nan. Wallahi na sani."

Chindo ya sauke mikoro. Ya ji haushinta, ya ji kunyar haushin, sannan ya ji haushin kansa ya danne duka biyun. Ya fara naɗe igiya.

"Tsaya," ta ce. "Abin naka yana kama magana?"

"Yana kamawa."

"To kunna. Bakin zabiya ya taɓa mutane da yawa, kuma ƙahwata ba ta kai ni gidajensu."

Ya kunna, ya riƙe mata mikoro kusa da leɓe. Ta yi bismilla, ta fara kiran sunaye, matan da ta yi wa zambo a bainar jama'a don an hana ta tukuici, ko don wani ya sa ta, ko don kawai kalmar ta zo daidai da kiɗa. Kowacce ta faɗi abin da ta yi mata, ta ce a yafe. Tana hutawa, Surajo yana jiƙa mata baki da ruwa.

"Sai Tani," ta ce, "Tani ta gidan mahauta. Ranar jerenki na tona cewa kwallayen da anka jera miki na aro ne. Dangin miji sunka yi dariya, waƙar ta bi ki har rijiya, har kika haihi 'ya'ya tana bin ki. Ta-a-ni..."

A kan sunan muryar ta ɗaga, ta lanƙwasa, ta kama hanyar waƙa da kanta, tsohuwar muryar nan mai kaifi ta leƙo. Tsigar jikin Chindo ta tashi. Sai Hasiya ta datse ta, ta ce, "Astagfirullah. Ki yahe min, Tani."

A kwanakin da suka biyo, aka yi biki a bayan tasha. Muhsin ya ba wani yaron Agiye hayar kayan, Chindo yana ɗakinsa ya gane bafal ɗinsa ta hagu daga ɗan kukan da take yi in sauti ya yi ƙasa. Ya rufe taga, ya sa kaski, ya yanko wurin nan da murya ta lanƙwasa, ya ɗora shi a kan ganguna. Abin ya zauna daram. Tun da yake bai taɓa haɗa abu mai kyau irinsa ba, kuma ya sani. Yana cikin saurare tarin Hasiya ya ratso katanga, ya shigo ta ƙarƙashin kaskin. Ya tsayar da kiɗan. Sannan ya cire gangunan, ya mayar da sunan inda ta ajiye shi.

Ta rasu da hantsi, ranar Laraba, Surajo yana riƙe da hannunta. Chindo yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya yi mamakin rashin nauyinta.

Ranar sadakar uku Surajo ya ce a cika mata wasiyya. Babu bafal da za a kunna kowa ya ji, don haka Chindo ya tsuguna a bakin ƙofar tsakar gida da ordinata a cinya, ana miƙa kaski daga mace zuwa mace. Wata ta saurara ta yi kuka, wata ta ce ita ta ma manta. Wasu sunayen masu su sun riga ta tafiya, sai 'ya'yansu suka amsa.

Tani ce ta ƙarshe. Tsohuwa ce doguwa, busasshiya, mai sanda, wadda rabonta da gidan nan tun kafin a haifi Chindo. Aka ɗora mata kaski bisa mayafi. Ta saurara fuskarta a ɗaure, har wurin ya wuce.

"Na yahe miki, Hasiya," ta faɗa da ƙarfi, irin na wanda kunnensa yake toshe. "Duniya da lahira."

Wata ta miƙa hannu za ta cire mata kaskin, Tani ta buge hannun.

"Ɗan nan, maido min inda ta kira sunana."

Ya mayar. Tani ta rufe ido. Da muryar ta lanƙwasa ta tsaya, sai leɓen Tani ya ɗauka daga nan, ƙasa-ƙasa, ba ta san ana jin ta ba. Waƙar kwallayen aro ce, baiti bayan baiti, babu inda ta yi tuntuɓe. Cikin matan ba wadda ta hana ta. Chindo bai motsa ba, hawaye yana sauka a bayan hannunsa. Tani tana buga gwiwa da yatsu biyu, igiyar kaskin da ke tsakaninsu tana ɗan lilo.